Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Bishop a Bakin Kwara

  Yau za mu ɗauko tarihin wani mutum wanda shi ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba, amma ya yi shekaru fiye da talatin yana hawa da sauka a Kogin Kwara, ya zauna gaban sarakunan Nupe da na Ilori suna tambaya yana amsawa, har wata rana ɗaya daga cikinsu, da wani al'amari ya dame shi a ƙasarsa, ya sa aka rubuta masa wasiƙa da harshen Hausa yana neman taimakonsa. Sunan mutumin Samuel Ajayi Crowther, shi ne baƙar fata na farko da Ikkilisiyar Angilikan ta naɗa Bishop, watau shugaban limaman coci na yanki guda.

Na san cikin masu sauraro akwai wanda zai ce, ina ruwanmu da labarin ɗan mishan? Amsar ita ce, wanda duk yake son ya fahimci yadda aka yi Lakwaja ta zama gari, da yadda aka fara rubuta Hausa da Nufanci da Yarabanci da haruffan boko, da yadda Musulmi da Kirista suka fara zama wuri guda suna munazara a wannan ƙasa tamu ba tare da an zare takobi ba, to babu makawa sai ya bi ta kan wannan dattijo.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a wani gari da ake kira Oshogun, cikin ƙasar Yarbawa, a zamanin da daular Oyo ta fara tsattsagewa, fitina ta game ƙasa, kowane mai ƙarfi ya mai da kama mutane sana'a. A farkon 1821, yana yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu, mahara suka faɗa wa garinsu da safe mutane na shirin karin kumallo, suka cinna masa wuta, suka ɗaure mata da yara da igiya a wuya. Ba za mu ɓoye gaskiya don ta yi ɗaci ba: shi da kansa ya rubuta cewa maharan nan Musulmin Oyo ne da Fulani da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Ku riƙe wannan a zuciya, masu sauraro, domin sai da shi za ku gane nauyin abin da zai zo a gaba. Aka raba shi da uwarsa da ƙannensa mata, aka musanya shi da doki, da mai dokin bai gamsu ba aka warware cinikin, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, har tsoron faɗawa hannun Turawa ya kai shi ga yunƙurin shaƙe kansa, Allah bai nufa ba. Daga ƙarshe aka kai shi Ikko, Turawan Fotugal suka saye shi, suka zuba shi cikin jirgi tare da bayi fiye da 180.

A watan Afrilu 1822, jirgin bai ko yi nisa da gaɓa ba, jiragen yaƙin Ingila masu sintirin hana fataucin bayi suka tare shi. Yaron bai san cewa ceto ne ya zo ba. Ya ba da labari daga baya cewa da aka hau da su jirgin Ingilishi, ya ga tarin harsasan igwa an jera, ya ɗauka kawunan 'yan'uwansa ne, ya ga naman alade a rataye, ya ɗauka namansu ne aka yanka, sai da ya lura da kofato tukuna hankalinsa ya kwanta. A watan Yuni aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda Ingilishi ke zaunar da bayin da aka ƙwato, garin da a lokacin za ka ji Yarabanci da Hausa da Nufanci da Ibo da Barbarci a kasuwa guda.

Nan ne aka ga irin kaifin basirar da Allah ya yi masa, gama cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi sassaƙa a hannun wani malamin mishan. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar mishan ta C.M.S. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a rajista. Ya auri wata baiwar Allah da ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, sunanta na asali Asano, wadda aka sa wa Susan, suka zauna tare kimanin shekara hamsin. Ya zama malamin makaranta, kuma a wannan zamani na ƙuruciya ne ya yi wani kuskure da ya zame masa darasi har tsufa. Wani yaro ɗan Musulmi ya zo makaranta da laya a wuya, malam Crowther ya tsinke ta, ya ce ba a shigo da irin wannan nan. Uban yaron ya zo a fusace, Crowther ya kira shi muƙabala, ya tattara hujjojinsa ya jera, amma bai samu kome ba sai ƙarin fushi da amsa guda, cewa Allah ba shi da ɗa. Ya fita daga wannan husuma yana ganin ya yi rinjaye a magana, alhali bai jawo ko mutum ɗaya kusa da shi ba, kuma daga nan ya fara gane cewa cin mutuncin abin da mutum yake girmamawa ba ya buɗe kunnensa.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku Kogin Kwara, bisa ra'ayin Thomas Fowell Buxton, wanda ya ce ba za a kashe cinikin bayi da jiragen yaƙi kaɗai ba, sai an samar wa sarakuna wani ciniki na halal, na auduga da manja, da ya fi shi riba. Ƙungiyar C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar: Crowther, da wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön. Tafiyar ta zama musiba, domin zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 cikin 145, gonar gwaji da aka kafa a mahaɗar Kwara da Binuwai ta watse, jirgi ɗaya ne ya kai har Egga ta ƙasar Nupe kafin ya juyo da majinyata. Sai dai abu biyu suka fito daga cikinta. Na farko, Schön ya kamu da son harshen Hausa, ya buga ɗan littafin kalmominta a 1843, da nahawunta a 1862, da ƙamus a 1876, na biyun ƙarshe da taimakon wasu samari biyu, Dorugu da Abbega, waɗanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da su Ingila. Dorugu nan, mutumin ƙasar Damagaram, shi ne ya ƙare rayuwarsa a Kano yana aiki da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa a makarantar Nasarawa, Abbega kuwa ya zama sarkin Lakwaja. Na biyu, shugabannin mishan suka tabbata cewa aikin da suke so a cikin ƙasa, in ba 'yan ƙasa ne suka ɗauke shi ba, ba zai yiwu ba. Saboda haka aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843, a shekarar da ya buga littafinsa na farko kan luggar Yarabanci.

A 1846 ya isa Abekuta tare da wani Bature, Henry Townsend, don kafa mishan, kuma bai yi wata guda a garin ba aka zo masa da labarin cewa akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da ke neman ɗanta Ajayi. Bayan shekara 25 da rabuwa, uwa da ɗa suka tsaya suna kallon juna sun kasa magana, sai hawaye. Ya fanshi ƙannensa mata da ke cikin bauta, uwar kuma ta zauna a hannunsa har ta rasu a 1883, da tsufa mai yawa. A 1851 aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta a fadar Windsor, suka shimfiɗa taswira yana nuna musu Ikko da Abekuta, yana bayyana musu yadda cinikin bayi ke gudana.

Ya sake hawa kogi a 1854 cikin jirgin Pleiad ƙarƙashin Likita William Baikie, suka shiga Binuwai da nisa suna neman labarin Barth, kuma saboda kowa yana shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu, abin da ya sauya tunanin Turawa game da shiga cikin Afirka baki ɗaya. A 1857 suka koma da jirgin Dayspring, Crowther ya ajiye wani limami ɗan asalin Ibo, J. C. Taylor, a Anacha, ya kafa wata tasha a Gbebe kusa da mahaɗar koguna, sa'an nan jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Wani da ya zauna yana ƙirga asara, amma shi watannin da suka yi a gaɓa suna jiran wani jirgi ya mai da su makaranta: yana zama da masunta da 'yan kwalekwale da fatake, yana rubuta Nufanci kalma kalma, yana lura da ayarin Hausawa da ke ƙetare kogi a Raba zuwa Ilori da Gwanja. Daga wannan zama ne littafin koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, nahawu da kalmomi kuma a 1864. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta tafi da takardun tarjama da kalmomi da karin maganar da ya shekara goma sha ɗaya yana tarawa daga bakin tsofaffi, ya sake ɗaukar alƙalami daga farko. Littafi Mai Tsarki na Yarabanci, wanda shi ne jigon aikinsa, ya kammala a 1884, kuma alamomin karin sauti da ya dage a sa bisa wasula su ne Yarbawa ke amfani da su har gobe.

Babban sakataren C.M.S. a wancan zamani, Henry Venn, mutum ne mai hangen nesa, wanda ya yi imani cewa wajibi ne ikkilisiyar kowace ƙasa ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta, Bature kuma ya janye idan ginin ya tsaya. Shi ya matsa a naɗa Crowther Bishop, ko da yake Crowther ya yi ta neman a ɗauke masa wannan nauyi, Townsend kuma, abokin aikinsa na Abekuta, ya yi ta rubuta wasiƙu yana cewa ba zai yiwu Bature ya zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, jami'ar Oksfod ta ba shi digirin girmamawa, kuma cikin taron akwai Henry Leeke, hafsan jirgin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce. Amma don a lallashi Turawan mishan, sai aka cire Ikko da Abekuta da Badun daga ikonsa, aka ce yankinsa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ke bayan mulkin Sarauniya. Al'amarin ya zama kamar a ba mutum gona a hayin kogi, a hana shi kwalekwale, domin kuwa gidansa yana Ikko, tashoshinsa suna warwatse daga Bonny da Brass a bakin teku har ƙasar Nupe, ba shi da jirgin kansa sai a 1878, kafin nan sai ya jira ruwa ya cika ya roƙi 'yan kasuwa su ɗauke shi, ya ga ma'aikatansa sau ɗaya a shekara. Tafiyar ma ba ta rasa hatsari: a 1867 wani basarake mai suna Abokko, kusa da Idah, ya kama shi da ɗansa ya yi garkuwa da su yana neman fansa, kuma a wajen ƙwato su kibiya mai dafi ta kashe mataimakin jakadan Ingila na Lakwaja, William Fell.

Yanzu mun zo inda nake so mu ɗan daɗe, watau mu'amalarsa da sarakunan Musulunci. Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, sarki ne mai wayo da ke son ciniki da Ingilishi, musamman bindigogi da albarushi, kuma da aka rufe ofishin jakadanci na Lakwaja a 1869, garin ya koma ƙarƙashin kariyarsa. Crowther yakan je Bida kusan kowace shekara da ruwa ya ba da hali, yana ɗauke da gaisuwa da kyaututtuka, cikinsu har da Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya cika ladabin fada, ya yi magana kan ciniki da noman auduga da zaman lafiyar hanya, ya nemi izini kafin ya kafa kome. Magajin Masaba, Umaru Majigi, shi ya yarda aka buɗe tasha a tudun Kipo daura da Egga. Bishop ɗin ya hana ma'aikatansa zagin Musulunci a wa'azi, ya so su san Larabci, har ɗaya daga cikin manyan mataimakansa, Henry Johnson, ya je Falasɗinu ya karanto shi.

A 1872, da jirgin da zai komar da shi ya kafe a yashi, ya biyo ta ƙasa daga Bida zuwa Ikko, ya yada zango a Ilori, Sarki ya kira shi fada gaban malamai da hakimai. Ku tuna, masu sauraro, daga wannan yanki ne irin rundunar da ta ƙone garinsu ta fito. Aka tambaye shi abin da Kirista ke faɗa game da Annabi Isa, alaihis salam. Mutumin da yana saurayi ya tsinke laya ya kira muƙabala, yanzu da furfura sai ya buɗe littafinsa a wurin da Mala'ika Jibrilu ya zo wa Nana Maryamu da bushara, domin ya san babu malami a zauren nan da zai ƙi sauraron sunan Jibrilu, ya karanta da Turanci, ya karanta da Yarabanci, ya bar nassin ya yi magana, bai ƙara da nasa sharhi mai zafi ba. Aka tambaye shi batun dawowar Isa a ƙarshen zamani, ya karanta. Aka tambaye shi ko Linjila ta ambaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya amsa bisa aƙidarsa cewa su a wurinsu wanda aka yi alkawarin zuwansa Ruhu Mai Tsarki ne, ya faɗi haka a fili ba tare da ya ɓoye ba, ba kuma tare da izgili ba. Daga ƙarshe aka nemi a ji irin addu'arsu, ya karanta wadda suke yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar da ba tata ba sunan sarkin ƙasar ake sawa, fada kuma ta ga addu'ar ta dace. Malaman Ilori ba su karɓi aƙidarsa ba, shi ma bai bar tasa ba, kuma Musulmi mai sauraro ya san inda muka saɓa da shi. Amma an tashi daga majalisar da mutunci, an sallame shi lafiya. A ganina wannan zama ya cancanci a riƙa karantar da shi, gama ladabin saɓani da malamanmu suka rubuta babi babi a kansa, ga shi an aikata shi a zauren sarki, daga ɓangarorin biyu.

Shaida mafi ƙarfi kan amincin da ya samu ita ce wasiƙar Etsu Maliki na Bida. A tsakiyar shekarun 1880, 'yan kasuwar Turai sun cika kogi da kwalaben giya mai arha, wadda ake ba da ita a madadin kuɗi wajen sayen manja da hauren giwa. Maliki ya ga barasa tana lalata masa jama'a, ya kafa doka mai tsanani a kan masu sayar da ita, amma ya san tushen abin yana ƙetaren teku. Sai ya aika da wasiƙa da Hausa ta hannun limamin mishan na Kipo, a kai wa Crowther, wanda ya ambata da girmamawar da ake yi wa uba, yana roƙonsa ya isar wa Sarauniya cewa a hana shigo da barasa ƙasar Nupe, sauran kayan ciniki kuwa ana maraba da su. Aka fassara wasiƙar, aka buga ta a Ingila, masu yaƙi da cinikin giya suka riƙe ta hujja. Sarkin Musulmi ne nan yake neman Bishop ya zama manzonsa kan abin da shari'a ta haramta, domin ya san dattijon ba zai ci amanar saƙo ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi inda aikin ya yi rauni. A ƙasashen Musulmi waɗanda suka bi shi kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu bayi da baƙi. Nasararsa ta fi yawa a bakin teku, kamar Bonny, inda aka daina bautar guza a 1867, aka kuma yi ta yaƙi da kashe tagwaye. Ma'aikatansa galibi mutanen Saliyo ne, albashinsu ƙanƙane, suna zaune nesa da ido, wasu suka shiga kasuwanci, wasu suka faɗa cikin abin kunya, har a Anacha aka samu waɗanda suka doki wata yarinya ta mutu, aka yi musu shari'a a Saliyo. Crowther mutum ne mai sanyin hali, mai jinkirin hukunci, wanda ba ya korar ma'aikaci sai da bayyina, kuma wannan hali, wanda ya amfane shi a fadar sarakuna, ya zama abin da aka riƙe a kansa. Venn, garkuwarsa, ya rasu a 1873. Kamfanin George Goldie, wanda ya samu izinin mulki a 1886 da sunan Royal Niger Company, ya ture 'yan kasuwa baƙar fata daga kogi, ra'ayin fifikon launin fata kuma ya yi ƙarfi a Turai, har waɗanda a da suke alfahari da Bishop baƙar fata suka fara ganinsa gwajin da bai yi nasara ba.

A 1890 wasu samarin Ingilishi suka sauka Lakwaja, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke, wanda bai wuce shekara 25 ba, da John Alfred Robinson. Burinsu ƙasar Hausa ce. Suka sa riga da rawani, suka ce za su zauna kamar talakawan sarki, suna ganin abin da dattijo ya kasa cikin shekara talatin su za su gama shi cikin kaɗan. Ba na shakkar cewa da gaske suke a addininsu, gama sun ba da ransu a kai, amma zafin ibada idan ya haɗu da girman kai, ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Suka rufe makarantar horar da malamai ta Lakwaja aka sayar da ginin, suka soke sunayen mutane daga rajistar coci, suka tuhumi ma'aikata da laifuffuka, na gaskiya da na zato a haɗe. A watan Agusta 1890, a taron kwamiti a Anacha, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da limaman da Bishop ya naɗa da hannunsa, ba tare da yardarsa ba, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Tsoho mai shekara fiye da tamanin ya nemi a kawo shaida kafin a yanke hukunci, samarin da ya isa ya zama kakansu suka ɗaga masa murya suna zarginsa da rufa wa masu laifi asiri. Ya ajiye shugabancin kwamitin, ya koma Ikko. Ko da a ce duk tuhumar da aka yi wa ma'aikatan gaskiya ce, ba haka ake yi wa dattijo ba, kuma ba ni da wata kalma da zan kira abin da aka yi masa sai zalunci.

A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja a wannan shekara, Brooke ya bi su a Maris 1892, babu ɗayansu da ya ga ganuwar Kano. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta aiko da ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa. Majami'un bakin teku, cikin ɓacin rai, suka ware suka riƙe kansu ƙarƙashin Dandeson a 1892. Kujerar Crowther kuwa Bature aka ba, baƙar fata sai mataimaka. Bishop Herbert Tugwell ne ya jagoranci ayarin da ya shiga Kano a 1900 ba tare da an gayyace su ba, Sarki Alu ya ba su kwanaki kaɗan su fice, cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda daga baya ya zauna Zariya, ya kuma yi babban aiki a tarjamar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Sai a 1952, shekara sittin bayan rasuwar Crowther, aka sake ba ɗan ƙasa cikakken yanki a Ikkilisiyar Angilikan ta Nijeriya, lokacin da A. B. Akinyele ya zama Bishop na Badun. A 2014, da ake cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya bayyana nadamar ikkilisiyarsa kan yadda aka wulaƙanta shi. Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, wanda ya shugabanci jam'iyyar N.C.N.C., ya kamu da ciwon ajali a Kano a 1946 yana rangadin neman 'yancin ƙasa, wanda kuma hotonsa ya daɗe a kan naira ɗaya. Kabarin Crowther yana harabar majami'ar Christ Church da ke Marina a Ikko, inda aka mayar da shi daga maƙabartar Ajele a 1976.

Ina roƙon malaman tarihi a makarantunmu, na boko da na Islamiyya, idan sun zo kan tarihin Nupe da Ilori da Lakwaja, su ba ɗalibai labarin zaman fadar Ilori na 1872 da wasiƙar Etsu Maliki.